Ɓoyayyar Illa a Cikin Manhaja

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Mas'alar da za mu tattauna yau, ko da yake an haife ta ne a jami'o'in Turai da Amurka da Kanada, tana iske kowannenmu har cikin aljihunsa, domin duk wanda ya taɓa aika kuɗi ta wayar hannu, ko ya tsaya gaban mai POS yana jiran rasiɗi ya fito, haƙiƙa ya danƙa amanarsa ga wani dogon rubutu wanda bai taɓa gani ba, ba kuwa zai gani ba, shi ne abin da ake kira manhaja. Ita manhaja jerin umarni ce da 'yan Adam suka zauna suka rubuta layi bayan layi domin kwamfuta ta bi, kuma tun da aikin ɗan Adam ce, ba ta rasa aibi.

Aibinta kuwa iri biyu ne. Akwai kuskure na zahiri, kamar a ce ta tara biyu da uku ta ba da shida, wanda kowa zai gani ya yi ƙara a gyara. Akwai kuma wani wanda ya fi wannan wuyar sha'ani, watau a iske manhaja tana aikinta daidai, lissafinta bai karkace ba, mai amfani da ita bai ga abin zargi ba, alhali kuwa can ciki an ɗora ta a kan mugun tsari, har ya zamana duk ranar da aka nufi a ƙara mata wani abu, ko a gyara wata 'yar kusurwa tata, sai aikin yini guda ya koma na wata, a taɓa nan can ya rushe. Wannan na biyu shi ne maganarmu.

Da na fara karanta abin da masana suka rubuta game da shi, abin da ya faɗo mini a rai shi ne wani fanni daga fannonin ilmin Hadisi, wanda malamai ke kira ilmin ilal. Ba ina daidaita darajar ilmin biyu ba ne, Allah Ya kiyaye. Kwatanci ne domin kusanto da fahimta. Ita illa, a wurin malaman Hadisi, wani ɓoyayyen sababi ne mai raunana ruwaya alhali zahirinta lafiya lau, kuma ba kowane almajiri ke gano ta ba sai ƙwararru irin su Aliyu ɗan Madini da Daraƙuɗni, waɗanda akan kwatanta basirarsu da ta mai canjin kuɗi, wanda da zarar ya juya dirhami a hannunsa ya san na jabu ne, ko da kuwa zai sha wuya kafin ya fahimtar da kai yadda ya sani. To, masana manhaja sun shafe fiye da shekara 30 suna fama da tambaya guda: shin wannan basira ta ƙwararre, ana iya zuba ta cikin ƙa'idoji a miƙa wa na'ura ta riƙa yin aikin?

Asalin maganar daga wurin magina ta fito. A shekarar 1977 wani masanin zanen gine-gine mai suna Christopher Alexander, tare da abokan aikinsa, ya wallafa littafi wanda ya tattara fasali 253 na gini da tsarin gari waɗanda gogewa ta nuna kyawunsu. Marubuta manhaja suka ga hikimar abin suka ara, har a 1994 wasu mutum huɗu, Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides, suka fitar da nasu littafin mai ɗauke da kyawawan tsare-tsare 23. Ba a jima ba sai Andrew Koenig ya lura, a 1995, cewa kamar yadda kyakkyawan tsari ke maimaita kansa a hannun mutane daban-daban, haka mummuna ma ke yi, kuma abin da ke sa shi yaɗuwa shi ne kama da yake yi da mafita a ranar da aka ɗauke shi. A 1999 kuma Martin Fowler, cikin littafinsa a kan gyaran fasalin manhaja, ya haɗa kai da Kent Beck suka lissafa alamomi 22, suka kira su wari. Sunan ya dace ƙwarai, domin wari ba shi ne ruɓa ba, labari yake ba ka cewa ka duba, watakila akwai abin da ya ruɓe. Ku riƙe mini wannan bambanci, za mu komo kansa.

Bari in siffanta muku kaɗan daga cikinsu. Manhaja babba ana raba ta ne sashe-sashe, kamar yadda ake raba gida ɗaki-ɗaki, kowane sashe da aikin da aka ɗora masa. Mafi shahara cikin miyagun tsare-tsare shi ne wanda ni zan kira babakere, watau sashe guda ya kumbura ya haɗiye ayyukan 'yan'uwansa, shi ne mai lissafi, shi ne mai ajiya, shi ne mai magana da baƙo, sauran sassa kuwa sun zama rumbuna kawai da yake ɗiba daga cikinsu; kowane gyara sai an bi ta kansa, kuma ba mai iya riƙe shi duka a ka. Akwai wanda Turawa suka yi wa laƙabi da taliya, saboda umarnin ya sarƙe da juna, ba ka kama bakin zare ɗaya ka bi shi har ƙarshe. Akwai kwafe, a ɗauki rubutu guda a liƙa shi wuri goma, ran gyara a tuna da tara a manta ɗaya. Sa'an nan akwai mataccen rubutu, umarnin da aka daina amfani da shi amma aka bar shi kwance cikin manhaja kamar kufai a tsakiyar gari, don kowa yana jin tsoron taɓa abin da bai san asalinsa ba.

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne. A Amurka an yi wani kamfanin dillancin hannun jari mai suna Knight Capital, wanda a cikin manhajarsa akwai wani tsohon sashe da aka daina aiki da shi tun 2003, ba a kuwa share shi ba. A 2005 aka ɗauke ma'aunin da ke ƙidaya masa abin da ya saya domin ya san inda zai tsaya, aka mayar wani wuri, ba wanda ya damu, tun da a ganinsu sashen ya riga ya mutu. Ana nan har 2012, kamfanin ya rubuta sabon umarni, ya kuma yi amfani da tsohuwar alamar da a da take tayar da wancan sashe domin ta riƙa tayar da sabon. Manyan kwamfutocinsu 8 ne. Aka ɗora sabon rubutu a kan 7, aka yi mantuwar ɗaya. Da kasuwar New York ta buɗe ran 1 ga Agusta, sai alamar ta isa ga ta takwas ɗin ta tayar da mataccen, shi kuwa ya shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa, ba mai ce masa ya isa, har cikin kamar minti 45 kamfanin ya yi hasarar wajen dala miliyan 440. Mantuwar ma'aikaci ita ce sababi na kusa, amma shekara tara bangon yana tsage kafin ƙadangare ya zo.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan miyagun tsare-tsare a cikin manhaja da yadda masu bincike ke neman hanyar gano su.

Me ya sa ake son na'ura ta yi wannan farauta? Saboda yawa. Manhaja guda takan kai layi miliyoyi, ƙwararre kuwa idonsa biyu ne, yininsa kuma irin na kowa. Saboda haka hanya ta farko da aka bi ita ce ta awo. Tun 1976 Thomas McCabe ya kawo wani ma'auni wanda ke ƙidaya yawan hanyoyin da umarni zai iya rarrabuwa a cikin aiki guda, ko'ina aka ce "idan kaza ne yi kaza" an ƙara mararraba ɗaya, ya kuma ba da shawara kada adadin ya wuce 10. A 1994 Chidamber da Kemerer suka ƙara wasu ma'aunai 6, masu auna irin nauyin sashe da yawan dogaronsa ga waninsa da kuma haɗin kan abin da ke cikinsa.

Sai dai ma'auni ɗaya shaida ɗaya ne, alƙali kuwa ba ya son yanke hukunci da bakin mutum guda. Wanda ya gyara wannan shi ne Radu Marinescu, na birnin Timishwara a ƙasar Romaniya, wanda a 2004 ya nuna yadda za a haɗa ma'aunai su zama sharuɗɗa, daga baya kuma shi da Michele Lanza suka shimfiɗa hanyar cikin littafi a 2006. Ku ji yadda suka yi wa babakere. Suka ce ba za a tuhumi sashe da wannan laifi ba sai sharaɗi uku sun taru a kansa: na fari, ya zamana yana yawan miƙa hannu cikin kayan wasu sassa kai tsaye, na biyu, jimlar sarƙaƙiyar ayyukansa ta kai 47 ko ta wuce, adadin da suka samo daga auna manhajoji masu yawa, na uku, a iske ayyukan da ke cikinsa ba su haɗa komai da juna ba sai kaɗan, ƙasa da sulusi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji yadda ake jera sharuɗɗan ingancin ciniki, in ɗaya ya faɗi hukunci ya faɗi, ba zai ji wannan tsari baƙo a kunnensa ba. Ni kam ina ganin kyawunsa, domin wanda aka tuhuma yana iya tambayar hujja a nuna masa.

A 2010 Naouel Moha da Yann-Gaël Guéhéneuc da abokansu, tsakanin Montiriyal ta Kanada da Faransa, suka ƙara matsawa gaba da wata hanya da suka kira DECOR, inda masani zai rubuta siffofin mugun tsari cikin wani taƙaitaccen harshe, na'ura kuma ta mayar da siffofin su zama mafarauci. Suka gwada ta a kan wata manhaja mai suna Xerces, bayan sun sa mutane sun bi ta da ido sun tantance masu illa na haƙiƙa. A nan ne ya kamata mu san mizani biyu da ake auna kowane mafarauci da su. Na ɗaya: cikin masu laifi na gaskiya, nawa ya kama? Na biyu: cikin waɗanda ya kama, nawa ne masu laifi? A mizani na ɗaya DECOR ba ta bar ko ɗaya ya tsere ba. A na biyu kuwa abin da ta samu kamar kashi 60 ne cikin 100, ma'ana cikin kowane goma da ta gurfanar, wajen huɗu ba su ji ba ba su gani ba. Mizanan nan biyu kishiyoyin juna ne, in ka tsananta sharaɗi masu laifi su sulale, in ka sassauta ka cika kurkuku da bayin Allah. Kuma marubucin manhaja da na'ura ta yi ta kai masa ƙarar ƙarya, ba ya daɗewa sai ya daina sauraronta gaba ɗaya, har ranar da za ta zo da gaskiya.

Duk waɗannan hanyoyi matani suke dubawa, watau rubutun kamar yadda yake a yau. Amma akwai illar da ba ta bayyana a matani ko an kwana ana karatu, kuma malaman ilal sun riga sun koya mana cewa irin wannan ba ta fitowa sai an tattaro hanyoyin ruwaya duka an jera su an gwama. Abin da Fabio Palomba da abokansa, galibinsu 'yan Italiya, suka yi ke nan a 2013. Marubuta manhaja suna da rumbu inda ake ajiye tarihin kowane gyara, wa ya yi shi, yaushe, kuma waɗanne sassa ya taɓa, kusan a ce isnadin rubutun ne. Sai suka ce a bar kallon sashe shi kaɗai, a dubi waɗanda kullum ake gyara su tare. Idan tarihi ya nuna cewa duk sa'ad da aka taɓa wannan sai an bi wasu wurare masu nisa an yi musu ɗan ƙwaƙwalen gyara, to aiki guda ne aka warwatsa shi inda bai kamata ba, ko da kowane sashe in ka dube shi shi kaɗai tsaf yake. Suka sa wa hanyar suna HIST, kuma a irin waɗannan illoli da tarihi ke tona asirinsu ta nuna fifiko a kan masu duban matani.

An kuma gwada koya wa na'ura ta hanyar misalai, a tara mata sassa masu illa da marasa illa ta tsamo ƙa'idar da kanta. Francesca Arcelli Fontana da jama'arta a Milan sun ba da rahoton dacewa sama da kashi 95 cikin 100 a 2016, amma da Dario Di Nucci da abokansa suka sake gwajin a 2018 da misalai masu kama da yadda manhaja take a haƙiƙa, inda masu illa 'yan kaɗan ne kuma iri-iri a gauraye, sai sakamakon ya faɗi ƙasa warwas. Akwai kuma wata matsala a gindin abin, ita ce su kansu ƙwararrun da ke tantance misalan suna saɓani a junansu, wannan ya ce sashe yana wari, wancan ya ce lafiyarsa lau, almajiri kuwa ba ya wuce ittifaƙin malamansa.

To, yanzu mu komo kan bambancin nan da na ce ku riƙe, tsakanin wari da ruɓa. An yi shekaru ana ƙera mafarauta kafin a tsaya a yi tambayar da ta kamaci a fara da ita: shin waɗannan alamomi suna cutarwa kamar yadda ake faɗa? A ƙasar Norwe aka sami wata dama wadda ba kasafai ake samun irinta ba. Cibiyar bincike ta Simula ta taɓa ba kamfanoni 4 kwangilar rubuta manhaja iri ɗaya, kowanne shi kaɗai, saboda haka aka sami manhajoji 4 masu aiki guda amma tsarin cikinsu daban. Sai Dag Sjøberg da Aiko Yamashita da abokansu suka ɗauki hayar ƙwararru 6, suka ba su ayyukan gyara iri ɗaya a kan waɗannan manhajoji, aka kuma sa na'ura tana ƙidaya lokacin da kowa ya ɓatar a kan kowane fayil. Suka auna wari iri 12. Abin da suka wallafa a 2013 ya girgiza mutane da yawa: bayan an cire tasirin girman fayil da yawan gyare-gyaren da aka yi masa, ba ko ɗaya cikin 12 ɗin da aka tabbatar yana ƙara wahalar aiki. Girman sashe shi kaɗai ya fi dukkansu bayyana inda lokaci ya tafi.

Ba na ɗaukar wannan a kan cewa ƙwararru sun yi shekaru suna tsoron inuwa. Mutum 6 da manhaja 4 ba su isa a gina hukunci na har abada a kansu ba, su masu binciken ma ba su yi da'awar haka ba. Ga kuma wani gwaji da Marwen Abbes da Foutse Khomh da abokansu suka yi a Montiriyal a 2011, inda suka iske cewa babakere shi kaɗai, ko taliya ita kaɗai, mai karatu yana iya jure musu, amma in suka haɗu a manhaja guda sai fahimta ta yi rauni a fili, lokaci ya ƙaru, amsoshi su karkace. Abin da na fahimta daga haɗa binciken biyu shi ne, jerin da na'ura ke fitarwa jerin waɗanda ake tuhuma ne, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wajibi ne mutum ya zauna ya dubi wane sashe ne ake yawan taɓawa, wanne ne illoli suka taru a kansa, wanne ne kuma yake kwance shekara da shekaru ba ya cutar da kowa. Shugaban da ya ɗauki adadin da na'ura ta buga ya mai da shi sandar dukan ma'aikatansa ya zalunce su, ya kuma koya musu yadda za su faranta wa ma'auni rai su bar manhaja da ciwonta.

Saura tambaya ɗaya, wadda ita ta fi taɓa zuciyata: yaushe illar ke shiga? Abin da aka daɗe ana ɗauka shi ne manhaja tana fitowa da kyau, sa'an nan gyara bisa gyara ya tsofar da ita a hankali. Michele Tufano da abokansa suka ce bari a tambayi tarihi. Suka bi manhajoji 200 na Android da Apache da Eclipse, suka tace gyare-gyare sama da rabin miliyan, suka gabatar da sakamakon a 2015, sai ga shi galibin sassa masu wari da warinsu aka haife su, tun ranar da aka fara rubuta su. Hausawa sun riga sun faɗa, tun ran gini ran zane. Suka kuma iske cewa ba sababbin shiga ne suka fi jawo abin ba, kamar yadda ake yawan ɗora musu. Sau da yawa gogaggu ne, waɗanda aka lafta wa aiki fiye da ƙima, kuma a daidai lokacin da ranar fitar da manhaja ta ƙarato. Wannan ya sa nake ganin rabin maganar ba ta hannun mai rubutu take ba, tana hannun wanda ya yanka masa wa'adi. Ward Cunningham ya kira irin wannan gaggawa bashi tun 1992, bashi ne kuwa mai ruwa, wanda ake biya da lokacin duk wanda zai zo gyara daga baya.

Ana biyan bashin kuwa? Da suka faɗaɗa binciken a 2017 sun iske kashi 80 cikin 100 na waɗannan illoli suna nan daram, ba a taɓa kawar da su ba. Cikin kashi 20 da suka gushe ma, kashi 9 cikin 100 kacal ne aka cire da niyyar gyaran fasali; galibin sauran sun tafi ne don an share rubutun da ke ɗauke da su, ko an musanya shi da wani saboda wata bukata dabam.

Jama'a, agogo ya cim mana, a nan za mu dasa aya.  

(Kiɗan rufe shiri)